Idan Washinton ta janye hannu, wa zai biya kuɗin asibiti?

Wani malamin makaranta daga Zariya ne ya aiko da tambayar. Ya ce ƙanwarsa tana aikin kula da tsofaffi a wata jiha ta Amurka, kuma duk lokacin da suka yi waya sai ta ce masa hankalin mutane a wurin aikinsu ba a kwance yake ba, saboda gwamnatin tarayya ta zaftare kuɗin lafiya da na tallafin abinci. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: "Mu a nan mun san jihohi da Abuja suka dogara, in kaso bai zo ba albashi ya tsaya. Amma Amurka ai cewa ake yi kowace jiha da ƙafarta take tsaye. To idan tarayya ta rage kuɗin shirinta, ina ruwan gwamna?"

Malam, ruwan gwamna kuwa ya kai har wuya. Dalili shi ne shirye-shiryen nan da kake ji ana kira na tarayya, jihohi ne ke gudanar da su, kuma mafi girmansu haɗin gwiwa ake yi wajen biya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ke shiga aljihun jihohin Amurka daga Washinton yake zuwa, kuma fiye da rabin wannan kuɗin na shiri ɗaya ne tak, wato Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi.

Ka fara cire hoton kason wata-wata daga ranka. A Najeriya ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya, gwamna ya karɓi nasa ya yi abin da ya ga dama da shi. Amurka ba ta da irin wannan rabon. Kuɗin da Washinton ke turawa jiha da sunan aiki yake zuwa, da sharuɗɗansa a ɗaure a wuyansa. In kana son abin da ya yi kama da shi a gida, tuna kuɗin UBEC na makarantun firamare, wanda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta taɓa na tarayya. Haka Medicaid yake, sai dai shi ba shi da rufi: duk dalar da jiha ta kashe wa majinyacin da ya cancanta, tarayya za ta ɗora nata a kai.

An kafa shi a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, tare da ɗan'uwansa Medicare. Mutane kan rikita su. Medicare na tsofaffi ne 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu naƙasassu, kuma tarayya ce ke riƙe da shi ita kaɗai. Medicaid kuwa na talakawa ne, kuma kowace jiha da yadda take tafiyar da nata, har suna ma kan bambanta. A Kalifoniya Medi-Cal ake ce masa, a Tenesi TennCare. Mutum wajen miliyan 70 ne ke kansa. Cikin kowace haihuwa goma a ƙasar, wajen huɗu shi ke biya. Cikin tsofaffi goma da ke kwance a gidajen jinya irin wanda ƙanwarka ke aiki, wajen shida shi ke ɗauke da su. Ka ga ke nan albashinta ma, ko ba ta sani ba, wani ɓangarensa daga nan yake fitowa.

Rabon biyan ya danganta da arzikin jiha. Jihohi masu ƙarfi irin su Kalifoniya da New York rabi da rabi suke yi da tarayya. Misisipi, wadda ke cikin mafiya talauci, tarayya na ɗaukar mata wajen kashi 77 cikin 100. Sai kuma wani rukuni da aka ƙara ta dokar lafiya ta Obama ta 2010: manya masu ƙaramin albashi waɗanda a da ba su da gurbi, matuƙar abin da suke samu bai wuce wani ma'auni ba, wanda a 2025 ya kama wajen dala 21,600 a shekara ga mutum ɗaya. A kan waɗannan tarayya na biyan kashi 90, jiha ta biya 10. Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa ba za a tilasta wa jiha ta karɓi wannan faɗaɗawar ba, don haka jihohi 40 da birnin Washinton suka shiga, goma suka ƙi, cikinsu har da Tekzas da Fulorida. Riƙe wannan rabuwar a ranka, don za ta sake tasowa.

To me ya faru a 2025? Majalisa ta zartar da wata ƙatuwar doka da ta haɗa ragin haraji da ragin kashe kuɗi, Shugaba Donald Trump ya sa mata hannu ranar 4 ga Yuli. Da ƙyar ta tsallake. A Majalisar Dattawa an yi kunnen doki, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama. A Majalisar Wakilai 218 da 214 aka tashi. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa, wanda ba na wata jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta cewa cikin shekara goma dokar za ta rage abin da tarayya ke kashewa a Medicaid da sama da dala biliyan 900, ta rage tallafin abinci da wajen biliyan 186, kuma zuwa 2034 za a samu ƙarin mutum wajen miliyan 10 da ba su da inshorar lafiya.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne yadda aka yi yankan. Ba a taɓa kashi 90 ɗin nan ba, ba a kuma ce an soke Medicaid ko tallafin abinci ba. Da an taɓa kashi 90 ɗin da an yi tashin hankali nan take, domin akwai jihohi tara, irin su Arizona da Indiyana da Karolina ta Arewa, da suka rubuta a dokarsu cewa ranar da kason tarayya ya sauka ƙasa da wani ma'auni, faɗaɗawar ta mutu da kanta. Sai aka bi ta bayan gida: aka toshe hanyoyin da jihohi ke samo nasu kason, aka ƙara musu aikin tantancewa, aka kuma jinkirta mafi yawan abubuwan zuwa 2027 da 2028, bayan zaɓen majalisa na 2026 ya wuce.

Bari in tsaya a kan toshe hanyar nan, don ita ce mutane suka fi rashin ganewa, kuma ita ce ta fi hana ma'aikatan kasafin kuɗi na jihohi barci.

Kusan kowace jiha, in ka cire Alaska, tana sa wa asibitoci ko gidajen jinya ko kamfanonin inshora wani haraji na musamman. Ga yadda yake aiki. Jiha ta karɓi dala 100 daga asibiti a matsayin haraji. Sai ta ce wannan ne kasonta na Medicaid, ta ƙara kuɗin da take biyan asibitoci. Idan jihar ta rabi da rabi ce, tarayya ta ɗora 100, asibitoci su karɓi 200. Idan Misisipi ce, ɗarin nan sai ta jawo sama da 300 daga Washinton. Idan kuma kuɗin na rukunin kashi 90 ne, ɗari ɗaya tana jawo ɗari tara. Asibiti ya ba da ɗari, ya samu fiye da abin da ya bayar, jiha ba ta taɓa harajin talakawanta ba, tarayya ce ta cika. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar asibitoci da kanta tana roƙon majalisar jiha ta sa mata haraji, abin da ba ka taɓa ji daga bakin ɗan kasuwa ba.

Masu sukar tsarin sun ce dabara ce ta tatsar tarayya, kuma gaskiya ba su yi ƙarya ba. Ko gwamnatin Obama ta taɓa neman a rage shi a kasafin da ta gabatar. Ni ma ba zan kare shi a matsayin tsari mai kyau ba. Amma shekara da shekaru an gina asibitoci da albashi da ɗakunan haihuwa a kan kuɗin, halal ne a doka, kuma kowace jam'iyya ta ci moriyarsa a jihohin da take mulki. Sabuwar dokar ta hana ƙirƙiro sabon harajin ko ƙara wanda ake da shi. Sannan a jihohin da suka faɗaɗa Medicaid, rufin harajin zai riƙa sauka daga kashi 6 na kuɗin da asibiti ke samu, rabin maki kowace shekara daga 2028, har ya kai 3.5 a 2032. An tsame gidajen jinyar tsofaffi daga wannan saukarwar, wanda ɗan sauƙi ne ga wurin aikin ƙanwarka. Jihohi goman da suka ƙi faɗaɗawa an bar su a inda suke. Wato wanda ya amsa kiran tarayya a baya shi ne ya fi shan bugu yanzu.

Karolina ta Arewa misali ce mai kyau. Sai a Disambar 2023 ta shiga faɗaɗawar, bayan shekara goma ana ja-in-ja, kuma sharaɗin da 'yan majalisarta suka gindaya shi ne kason jiha na kashi 10 daga harajin asibitoci zai fito, ba daga baitulmalin jiha ba. Mutum sama da dubu 600 suka shiga. Yanzu an zo an ce za a matse wannan harajin. Sanatan jihar Thom Tillis, ɗan jam'iyyar Republican, ya ƙi jefa wa dokar ƙuri'a a kan wannan batun, kuma a ƙarshen makon da ake taƙaddamar ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba.

Akwai kuma wata hanya da jihohi ke bi su umarci kamfanonin inshora su biya asibitoci kuɗi mai kauri, wani lokaci kusan daidai da abin da inshorar masu kuɗi ke biya. Ita ma an sa mata rufi daidai da farashin Medicare a jihohin da suka faɗaɗa, da ɗan ƙari kaɗan a sauran.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta cike giɓi, kuma tana ci, bashinta ya haura dala tiriliyan 36 tun kafin dokar. Jiha ba ta da wannan damar. Kusan dukkan jihohi, in ban da Bamont, doka ta wajabta musu kasafin da kashewa ba ta wuce shiga ba. Suna iya cin bashin gina gada ko makaranta, amma ba na biyan likita ba. Saboda haka duk dalar da Washinton ta janye, gwamna da majalisarsa dole cikin shekarar nan su nemo madadinta ko su yanke wani abu. Ƙara haraji kuwa ba wasa ba ne. A Kalifoniya da Arizona sai an samu kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. A Kolorado, tun 1992, sai an kai maganar gaban masu zaɓe. Tekzas da Fulorida ko harajin albashi ba su da shi. Akwai asusun ko-ta-kwana da yawancin jihohi ke tarawa, amma shi na shekarar fari ne guda ɗaya. Ba a biyan kuɗin da ke dawowa kowace shekara da ajiyar da in ta ƙare ta ƙare.

To me suke yankewa? Ba sai mun yi duba ba, an taɓa gani. Abu na farko da hannu ke kaiwa shi ne kuɗin da ake biyan likitoci da asibitoci da masu jinya, don shi ne yankan da ba ya fitowa a jarida da sunan an kori talaka. Amma Medicaid dama shi ne mafi ƙarancin biya, in aka ƙara ragewa sai likitoci su daina karɓar masu katinsa. Mutum yana da kati a aljihu, amma sai ya yi wata uku yana neman wanda zai duba shi.

Na biyu shi ne abubuwan da dokar tarayya ta bar wa jiha zaɓi. Kwanciya a asibiti dole ne, gidan jinyar tsofaffi dole ne. Amma haƙoran manya, tabarau, da jinya a gida, wato a turo wa tsoho ko naƙasasshe mai taimaka masa da wanka da abinci a ɗakinsa, duk zaɓi ne. Kalifoniya ta cire kula da haƙoran manya a 2009 lokacin karayar tattalin arziki, ba ta dawo da shi gaba ɗaya ba sai 2018. Arizona a 2010 ta daina biyan wasu ayyukan dashen gaɓoɓi, abin ya jawo ƙorafi har aka dawo da shi a 2011, kuma a shekarar 2011 ɗin ta rufe ƙofar shiga ga manyan da ba su da 'ya'ya. Tenesi a 2005 ta sauke mutum wajen dubu 170 daga TennCare cikin 'yan watanni, kuma gwamnan da ya yi hakan ɗan jam'iyyar Democrat ne. In kuɗi ya ƙare, launin jam'iyya ba ya hana yanka.

Jinya a gidan nan ita ta fi ba ni tsoro. Dama ɗaruruwan dubban mutane ne ke layin jira a faɗin ƙasar. Tana da arha fiye da gidan jinya, tsofaffi sun fi son ta, amma da yake ita ce zaɓi, ita ake fara taɓawa. Sai a wayi gari an yi gudun gara an faɗa gidan zago: an hana tsohuwa mai zuwa gida awa huɗu a rana, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, an kai ta gidan jinya da jiha za ta biya ninki.

Na uku kuma ba a cikin lafiya yake ba sam. Idan gwamna ya ƙi yanke Medicaid, to zai yanke wani wurin, kuma wurin da aka saba shi ne jami'o'in jiha, saboda su suna da hanyar cike giɓi: su ƙara wa ɗalibai kuɗin makaranta. An ga haka bayan 2008. Yaron da bai taɓa riƙe katin Medicaid ba sai ya biya nasa kason ta hanyar bashin karatu.

Mu koma kan sharaɗin aiki, wanda shi ne ya fi kowane sashe kawo wa tarayya rara, sama da dala biliyan 300. Dokar ta ce daga Janairun 2027, manya 'yan shekara 19 zuwa 64 da ke rukunin faɗaɗawa sai sun nuna suna aiki, ko karatu, ko aikin sa-kai, na awa 80 a wata. An tsame masu juna biyu, naƙasassu, da iyayen yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa. Za a kuma riƙa sake tantance su duk wata shida maimakon shekara. A baki maganar tana da daɗi, kuma Amurkawa da yawa sun yarda da ita: mai ƙarfi ya tashi ya nema. Sai dai wajen biyu cikin uku na manyan da ke Medicaid dama suna aiki, yawancin sauran kuma ko suna jinyar wani, ko ba su da lafiya, ko suna makaranta. To daga ina rarar za ta fito? Daga takarda.

Akansas ta gwada a 2018. Da farko ta intanet kawai ake kai rahoton awannin aiki, a jihar da ƙauyukanta da yawa intanet ɗin ma sai a hankali, kuma shafin yana rufewa da ƙarfe tara na dare sai bakwai na safe. Cikin 'yan watanni mutum wajen dubu 18 suka rasa inshora, kafin wani alƙalin tarayya ya dakatar da shirin a Maris ɗin 2019. Binciken da aka yi daga baya bai ga ƙaruwar masu aiki ba. Ka ɗauki mace mai gyaran ɗakuna a otal: watan da baƙi suka cika ta yi awa 120, watan sanyi a ba ta 60. Ta sauya gida, wasiƙar hukuma ta tafi tsohon adireshi. Ba ta san an cire ta ba sai ranar da ta je kantin magani karɓar allurar ciwon sukari aka ce mata katin ba ya aiki. Ba ta ƙi aiki ba, takarda ce ta kayar da ita.

Ga gwamnatin jiha, wannan aiki ne sabo fil da aka ɗora mata. Sai ta sayi manhajar kwamfuta, ta ɗauki ma'aikata, ta buɗe layin waya, ta saurari ƙararrakin waɗanda aka cire bisa kuskure. Jojiya ta fara nata shirin mai sharaɗin aiki a Yulin 2023. Bayan shekara biyu waɗanda ke ciki ba su kai dubu goma ba, kuma abin da aka kashe a harkar gudanarwa ya fi wanda aka kashe a jinyar mutane. In an cire mutum daga rukunin kashi 90, jiha ta huta da dala goma cikin ɗari, amma dala casa'in da ke shigowa asibitocinta daga waje sun tafi. Mutumin kuma bai daina ciwo ba. Wata doka ta 1986 ta wajabta wa asibitoci su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa ko ba shi da ko sisi. Sai ya jira ciwon ya ci ƙarfinsa, ya zo a ranga-ranga, a yi masa aiki mafi tsada, kuɗin ya zama bashin da ba mai biya. Babban asibitin birni zai iya shanyewa ya ƙara wa masu inshora farashi. Ƙaramin asibitin karkara sai ya fara rufe ɗakin haihuwa, in abin ya ci gaba ya rufe ƙofa. Don a lallashi sanatocin jihohin karkara ne aka sa asusun dala biliyan 50 na lafiyar karkara, biliyan goma kowace shekara daga 2026 zuwa 2030. Kuɗi ne mai yawa, amma na shekara biyar ne, yankan kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Tallafin abinci, wanda ake kira SNAP, nasa labarin daban ne. A 2025 mutum wajen miliyan 42 ne ke karɓa, ana loda musu kuɗi a kati su sayi kayan abinci. Tun asali tarayya ce ke biyan kuɗin abincin gaba ɗaya, a raba kuɗin gudanarwa rabi da rabi. Dokar ta ce daga Oktobar 2026 jiha za ta ɗauki kashi 75 na gudanarwa. Daga Oktobar 2027 kuma, a karon farko a tarihin shirin, jiha za ta biya wani ɓangare na abincin kansa, gwargwadon yawan kuskuren da take yi wajen lissafi. Wadda kuskurenta bai kai kashi 6 ba, ba za ta biya komai ba. Daga 6 zuwa 8 ta biya kashi 5, daga 8 zuwa 10 ta biya kashi 10, daga 10 zuwa sama ta biya kashi 15. Matsakaicin kuskure a ƙasar a 2024 ya kusa kashi 11, ka ga ke nan jihohi kaɗan ne suka tsira. Mu ƙaddara jihar da ake raba wa mutanenta abincin dala biliyan biyu a shekara: in ta faɗa rukunin sama, sai ta nemo miliyan 300 da ba ta taɓa sa wa a kasafinta ba.

Kuskuren nan ba sata ake nufi ba. Ya haɗa da an biya mutum fiye da hakkinsa da kuma an biya shi ƙasa, kuma yawanci daga lissafin ma'aikaci ne ko rashin sanar da canjin albashi a kan lokaci. Hujjar masu dokar ita ce jihar da ba ta sa ko kwabo a cikin abincin ba za ta damu da gyara lissafinta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma duba abin da aka yi: an ce jiha ta rage kuskure, a lokaci guda an rage mata kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su rage kuskuren. Abin dariya kuma, don a samu ƙuri'ar Sanata Lisa Murkowski ta Alaska, jihar da kuskurenta ya kusa kashi 25 a 2024, aka sa wani sashe da ya jinkirta biyan ga jihohin da kuskurensu ya haura wajen kashi 13. Wato mai kashi 12 zai fara biya kafin mai kashi 14.

A jihohi wajen goma, irin su Ohayo da Minesota da Karolina ta Arewa, ƙananan hukumomi ne ke gudanar da SNAP, don haka nauyin yana gangarowa ƙasa ya sauka a kan harajin gidaje da filaye. Tarayya ta tura wa jiha, jiha ta tura wa ƙaramar hukuma, ita kuwa ba ta da wanda za ta tura wa.

Wani abin da ba a cika kawowa ba: ɓangaren ragin haraji na dokar shi ma ya taɓa jihohi. Jihohi da yawa suna lissafa harajinsu a kan ma'aunin tarayya, in Washinton ta rage abin da ake sa wa haraji, nasu ma ya ragu kai tsaye. Kolorado ta wayi gari da giɓin da ya kusa dala miliyan 800 a kasafin da ta riga ta zartar, har Gwamna Jared Polis ya kira majalisa zaman gaggawa a Agustan 2025. New Mexico ma ta yi zaman gaggawa a Oktoba, amma ita tana da kuɗin man fetur da iskar gas, sai ta iya cike wasu ramukan. Lokacin da aka rufe gwamnatin tarayya na kwana 43 daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, tallafin abincin Nuwamba ya maƙale, aka ga wasu jihohi irin su Bajiniya da New Mexico sun sa hannu a aljihu, wasu kuwa suka nuna wa mutane hanyar rumbunan sadaka. Wannan ɗan gwaji ne na abin da ke tafe: ƙasa ɗaya, amma abin da talaka zai samu ya danganta da gefen iyakar da yake kwana. Jihohin da suka fi talakawa su ne suka fi dogara da kuɗin tarayya, kuma su ne ba su da inda za su tatso madadin.

In kana son ganin yadda irin wannan sauyin ke ƙarewa bayan shekaru, duba 1996, lokacin Bill Clinton. An mayar da tallafin kuɗi na iyalai matalauta dunƙulallen kaso na dala biliyan 16.5 a shekara, aka ce jihohi su sarrafa. Har yau ba a ƙara adadin ba, hauhawar farashi ta cinye wajen rabin darajarsa, kuma jihohi da dama sun karkatar da kuɗin zuwa wasu ramuka na kasafinsu. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce an soke shirin, a hankali ya rame.

Ra'ayina, tunda ka tambayi ina ruwan gwamna: siyasar abin ita ce an raba wanda ya yanke hukunci da wanda zai sa hannu a takardar kora. Ɗan majalisa a Washinton zai ce shi bai cire kowa ba, almubazzaranci ya toshe. Wasiƙar da za ta isa gidan matar otal ɗin nan kuwa tambarin jiha ne a kanta, sunan ma'aikatar jiha ne a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Shi ya sa ka ji har gwamnoni da 'yan majalisar jiha na jam'iyyar shugaban ƙasa suna gunaguni, ko da ƙasa-ƙasa.

Game da ƙanwarka, abu biyu ne suka shafe ta kai tsaye. Na farko wurin aikinta: ta riƙa bin abin da majalisar jiharsu ke yi da farashin da Medicaid ke biyan gidajen jinya da masu jinya a gida, don daga nan ƙarin albashi ko rage awanni ke fitowa. Yawancin jihohi shekarar kasafinsu 1 ga Yuli take farawa, saboda haka tsakanin Janairu da Yuni ake yin cinikin. Na biyu matsayinta na baƙuwa. Dokar ta cire 'yan gudun hijira da masu mafaka daga SNAP, ta kuma cire su daga Medicaid daga Oktobar 2026, sai dai jinyar gaggawa. Masu katin zama na dindindin suna nan a ciki bisa sharuɗɗan da aka saba, ciki har da jiran shekara biyar ga mafi yawan manya. Wasu jihohin da ke ɗaukar nauyin baƙi marasa takarda da kuɗin kansu sun riga sun fara ja da baya: Ilinoi ta rufe shirinta na masu shekara 42 zuwa 64 a Yulin 2025, Kalifoniya kuma ta tsayar da shigar sababbin manya daga Janairun 2026.

In ita ko wani nata yana kan Medicaid ko SNAP, ka gaya mata ta tabbatar hukumar jiha tana da adireshinta da lambar wayarta na yanzu, ta riƙa ajiye takardun albashinta wata-wata, kuma duk ambulan da ya zo daga jiha ta buɗe shi ranar da ya iso, don yawanci kwana 30 ake bayarwa a amsa.